SHA HUƊU SAU UKU: Matsayin Lissafi a Salsalolin Littafi Mai Tsarki

Gabatarwa

Da za a tambayi masu karanta Littafi Mai Tsarki na Kirista wane shafi suka fi tsallakewa, da wuya jerin sunayen kakanni bai zo kan gaba ba. Wane ya haifi wane, wane kuma ya haifi wane, har ido ya gaji. Babu labari, babu hira, babu ƙulli irin wanda kan riƙe mai karatu. Amma abin mamaki, da irin wannan jeri aka buɗe Sabon Alkawari baki ɗaya, domin ayoyi 17 na farkon Bisharar Matiyu, wato Linjilar da ya rubuta, sunaye ne zalla. Marubucin da ya zaɓi ya tari mai karatu tun a ƙofa da abin da ya fi komai gundura, lalle akwai abin da ya taka.

Wannan maƙala za ta dubi irin waɗannan salsaloli ne da idon manazarcin adabi. Ba ta shiga fagen aƙida ba, wannan aikin malaman addini ne, kowa da nasa. Sunayen annabawa da sarakuna kuwa an kawo su yadda aka saba jin su a fassarar Hausa ta Littafin, wadda ta fara fitowa cikakkiya a 1932. Abin da ake son nunawa shi ne, a wasu daga cikin salsalolin nan adadi kayan aiki ne a hannun marubuci, kamar yadda kari da amsa-amo suke a hannun mawaƙi. Yakan rage, yakan daidaita, domin jerin ya faɗi wata magana. Sai dai ba kowane adadi ne ke ɗauke da saƙo ba. Aikin mai tarke shi ne ya bambance inda marubuci ya ƙulla da inda mai karatu ya ƙulla wa kansa.

Lissafin da Matiyu ya yi da kansa

Matiyu bai bar mu da hasashe ba. Bayan ya gama jero sunayen, sai ya tsaya a aya ta 17 ya ƙirga da kansa. Ya kasa tarihin kashi 3, ya ce kowane kashi tsara 14 ne. Na farko daga Ibrahim zuwa Dawuda, na biyu daga Dawuda zuwa lokacin da aka kwashe Yahudawa aka kai su Babila, na uku daga wannan kwasa zuwa Almasihu.

Kashi na farko ya tafi daidai da abin da ke cikin tsofaffin littattafan da suka riga shi. Wanda ya ƙirga daga Ibrahim, Ishaku, Yakubu, Yahuza, har ya sauka kan Yesse da ɗansa Dawuda, suna 14 zai samu. A kashi na biyu ne magana take. Littafin Tarihi na Ɗaya, sura ta 3, ya jero sarakunan gidan Dawuda daga Sulemanu zuwa Yekoniya, suna 18. Matiyu ya kawo 14. Tsakanin Yoram da Azariya, wanda ake kuma kira Uzziya, ya tsallake sarakuna 3, wato Ahaziya da Yowash da Amaziya. Tsakanin Yosiya da Yekoniya kuma ya tsallake Yehoyakim. Waɗannan ba mutane ne da za a ce ƙanƙantarsu ta sa an manta da su ba. Littafin Sarakuna ya ce Yowash ya yi shekara 40 kan gado, Amaziya 29, Yehoyakim 11.

Ruwa ba ya tsami banza, don haka tun da daɗewa masu tafsiri suka shiga neman dalili. Jerom, wanda ya fassara Littafin zuwa Latin ya kuma rasu a shekara ta 420, ya ce an share sarakunan nan 3 ne saboda tsatsonsu, domin Yoram ya auri Ataliya daga gidan Ahab, gidan da aka la'anta. Wannan bayani yana da rauni guda. Ahaz da Manassa, waɗanda Littafin Sarakuna ya fi zargi da mugun aiki, suna nan daram a jerin. Wasu manazarta na baya kuma suka ce idon mai kwafa ne ya zame, saboda a Girkanci sunan Ahaziya da na Uzziya sun yi kama ƙwarai, sai aka tsallaka daga wannan zuwa wancan. Ko da hakan ne ya faru, ba ya sauya abin da ke gabanmu. Marubucin da ya san Tsohon Alkawari kamar yunwar cikinsa, wanda yake jawo ayoyinsa a kusan kowace sura, ya dubi jerin da ya rasa sarakuna 4, ya ƙirga, ya samu 14, ya kuma shelanta.

A kashi na uku ma akwai alamar almakashi. Daga kwashe Yekoniya a shekara ta 597 kafin Miladiyya zuwa haihuwar Yesu kusan shekara 600 ne. Matiyu ya cike wannan tazara da suna 13, daga Sheyaltiyel zuwa Yesu. Luka, a nasa jerin, ya cike tazarar nan ɗaya da suna 22.

Salsala ba rajistar haihuwa ba ce

Mai karatu na yau, wanda ya saba da takardar asibiti da katin shaida, zai iya cewa wannan ai maguɗi ne. Kafin a yanke wannan hukunci ya kamata a tambaya, wane aiki salsala take yi wa mutanen da suka riƙe ta?

Amsar tana kusa da mu. Jack Goody da Ian Watt, a wata maƙala da suka buga a 1963 kan tasirin rubutu, sun kawo misalin ƙasar Gwanja ta arewacin Gana, wadda fatakenmu na goro suka sani tun kaka da kakanni. Lokacin da Turawan Ingila suka fara rubuta tarihin ƙasar a farkon ƙarni na 20, an gaya musu cewa Ndewura Jakpa, wanda ya kafa ta, yana da 'ya'ya 7, daidai da yankuna 7 na masarautar. Bayan kimanin shekara 60, yankuna 2 sun shuɗe, da aka sake ɗaukar tarihin sai aka ce 'ya'yan Jakpa 5 ne. Laura Bohannan ta ga irin wannan a ƙasar Tibi, ta kuma rubuta a 1952 cewa salsala a wurinsu takardar yarjejeniya ce ta zaman yau, ana gyara ta idan zaman ya sauya. A 1977 Robert Wilson ya ɗauki irin waɗannan bincike na Afirka ya auna salsalolin Tsohon Alkawari da su, ya nuna cewa su ma sukan taƙaita tsakiya su riƙe farko da ƙarshe.

Mu kanmu mun san adadin da ya fi sunayen da ke cikinsa ƙarfi. Ba duka majiyoyi suka haɗu kan sunayen ƙasashen Banza Bakwai ba, amma babu wanda ya taɓa 7 ɗin, domin ita ce ke yi wa Hausa Bakwai kishiya. Haka ƙabilun Isra'ila 12. Wani jeri ya sa Lawi, wani ya cire shi ya raba Yusufu gida biyu, Ifraimu da Manassa. Littafin Wahayin Yahaya, sura ta 7, ya bar Dan a waje. Sunaye suna shiga suna fita, 12 ba ta motsa ba.

A cikin Tsohon Alkawari kansa taƙaita salsala ba baƙon abu ba ne. Littafin Ezra, sura ta 7, ya kawo asalin Ezra har zuwa Haruna, amma idan aka gwada da jerin firistoci na Tarihi na Ɗaya, sura ta 6, za a ga suna 6 sun faɗi a tsakiya. A yaren waɗannan marubuta, cewa wane ya haifi wane tana iya nufin jika ko tattaɓa-kunne, kamar yadda Bahaushe kan kira basarake ɗan wane alhali kakansa na nesa ake nufi. Ashe ke nan Matiyu ya yi aiki ne a cikin wata al'ada da masu sauraronsa suka sani.

Gurbi na 7 da gurbi na 10

Wannan al'ada tana da adadin da ta fi so. Littafin Farawa, sura ta 5, ya jero suna 10 daga Adamu zuwa Nuhu. Sura ta 11 ta jero wasu 10 daga Shem zuwa Ibrahim. Jeri na farko ya ƙare da mutum mai 'ya'ya 3, Shem da Ham da Yafet, na biyu ma haka, Tera mahaifin Ibrahim da Nahor da Haran. Malaman Yahudawa na farko sun lura da wannan daidaito, har suka sa shi cikin tarin zantukan magabatansu. Maƙwabtansu na ƙasar Iraƙi ta dā ma suna da irinsa. Berosus, wani firist na Babila da ya yi rubutu a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, ya lissafa sarakuna 10 kafin ruwan tsufana, ya ba su shekara 432,000.

A cikin jerin kuma, gurbi na 7 shi ne kujerar babban baƙo. Farawa ta kawo zuriya biyu daga Adamu. Ta wajen Kayinu, na 7 shi ne Lamek, mai kisa da alfahari, wanda ya yi kurin cewa fansarsa ninki 77 ce. Ta wajen Shitu, na 7 shi ne Anuhu, mutumin da aka ce ya yi tafiya tare da Allah, wanda shi kaɗai a jerin ba a ce ya mutu ba. A wurin waɗannan mutum biyu ne marubuci ya dakata da ƙirge ya ba da labari. Ya ajiye su gurbi ɗaya, ƙarshen mugunta da ƙarshen kirki, ya bar mai karatu ya gwama. Cewa mutanen dā sun karanta shi haka ba zato ba ne, domin Wasiƙar Yahuza a Sabon Alkawari ta ambaci Anuhu tare da gurbinsa na 7. Shekarunsa 365 kuma, adadin kwanakin shekarar rana.

Littafin Rut ya rufe da jeri na suna 10, daga Feresa zuwa Dawuda. Bo'aza, jarumin labarin, yana gurbi na 7, Dawuda yana na 10. Suna 10 ba za su iya ɗaukar zamanin da ake magana ba, domin Fitowa ta ce zaman Masar shekara 430 ne, Sarakuna na Ɗaya kuma ya ce daga fitowa zuwa fara ginin Haikali shekara 480. An taƙaita jerin ne yadda mijin Rut zai zauna a kujerar girma, jikan ɗansa kuma ya rufe ƙofa. Gajeren labarin wata baƙuwa mai kalar hatsi ya koma shimfiɗar gidan sarauta ta hanyar wurin da aka ajiye suna biyu.

To, me ya sa 14?

Amsar da ta fi karɓuwa ba za ta yi wa almajirin ajami wuyar fahimta ba. Mawaƙanmu na ajami sukan rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da idan aka tara ƙimar baƙaƙenta sai ta ba da shekarar Hijira da aka yi waƙar. Ibrananci ɗan'uwan Larabci ne, kuma jerin baƙaƙensa na farko ya tafi kan tsarin abajada, dal tana da 4, wau tana da 6. Ana rubuta sunan Dawuda da baƙaƙe 3, dal da wau da dal. Idan aka tara 4 da 6 da 4 sai a samu 14. Dawuda kuma shi ne na 14 a jerin. Shi kaɗai Matiyu ya laƙaba wa sarauta a cikin sarakunan da ya jero, shi aka ambata a aya ta farko, kuma laƙabin ɗan Dawuda ya fi yawa a wannan Bishara fiye da sauran. Idan wannan karatu ya tabbata, to jerin ya kira sunan Dawuda sau 3 ta hanyar lissafi, kamar maroƙin da ke nanata sunan kakan da ya fi so a ji.

Akwai masu ja. Sun ce Matiyu da Girkanci ya yi rubutu, yaya mai karatunsa zai gane ramzin Ibrananci? Sun ƙara da cewa a Littafin Tarihi ana rubuta sunan da ƙarin baƙi guda mai ƙima 10, wanda zai mayar da jimlar 24. Ja na farko yana da amsa. Wahayin Yahaya ma da Girkanci yake, amma ya gayyaci mai karatu ya lissafa 666, kuma manazarta da yawa sun tafi a kan cewa sunan Kaisar Nero ne da baƙaƙen Ibrananci. Ja na biyu ya fi nauyi, kuma shi ya sa bai kamata a ɗauki ramzin a matsayin abin da aka gama yanka ba.

Akwai wasu bayanai. Wasu sun ce 14 sau 3 daidai yake da 7 sau 6, wato an cika mako 6, Almasihu ya buɗe na 7. Wasu sun kawo tafiyar wata, kwana 14 yana cika, 14 yana raguwa, kamar yadda sarautar Isra'ila ta cika a kan Dawuda ta dushe a Babila. Orijin na Iskandariya, a ƙarni na 3, ya haɗa tsara 42 da zango 42 da Bani Isra'ila suka yi a jeji. Waɗannan duka suna da daɗin ji, amma babu wanda Matiyu ya nuna da yatsa. Shi 14 ya ce, bai ce 7 ba, bai kuma tara ya ce 42 ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne, ya tarar da 14 a kashi na farko a shirye, ya ga ta dace da sunan Dawuda, sai ya yanka sauran kashi biyu a kan wannan awo.

Abin da awon ya yi wa jerin shi ne muhimmi ga mai nazarin adabi. Ya mayar da tarin sunaye ya zama labari mai gaɓa 3, tashi da faɗuwa da jira. Daidaiton gaɓoɓin yana gaya wa mai karatu cewa tarihi ba kara-zube yake tafiya ba, kuma tunda 14 ta farko ta kawo sarki, ta biyu ta kawo rushewa, to cikar ta uku dole ta kawo wani abu. Marubucin bai yi wa'azi ko na jimla ɗaya ba, tsari ya bari ya yi magana. Hannun nan nasa ya sake bayyana inda ya katse jerin maza ya sako mata 4, Tamar da Rahab da Rut da matar Uriya, kafin ya iso kan Maryamu.

Sunan da ya ɓace

Sai dai akwai ƙashi a cikin wannan tuwo. Tsara 14 sau 3 ya kamata su ba da 42, amma sunayen mazan da ke jerin 41 ne. Idan Yekoniya ya rufe kashi na biyu, na uku 13 yake. Wannan ba sabon gano ba ne. Forfiri, wani masanin falsafa mai adawa da Kiristanci a ƙarni na 3, ya riga ya soki Matiyu a kan wannan wuri. Jerom ya amsa masa da cewa mutum biyu ne masu suna kusan ɗaya, uba da ɗa, aka haɗe. Wasu masu kwafa na baya suka saka Yehoyakim don cike gurbin. Wasu suka ƙirga Yekoniya sau biyu. Wasu suka ƙirga Dawuda sau biyu, tunda aya ta 17 ta ambace shi a ƙarshen kashi na farko da farkon na biyu, kuma ta wannan hanya lissafin yakan fita, daga Dawuda zuwa Yosiya 14, daga Yekoniya zuwa Yesu 14. Raymond Brown, a babban littafinsa na 1977 kan labaran haihuwar Almasihu, har ya yi tambayar ko Matiyu ya iya ƙirge.

Yawan amsoshin nan shi kansa shaida ne cewa babu wadda ta kashe bakin sauran. Abin lura dai shi ne inda ɗinkin ya nuna. Iyakar farko mutum ce, wato Dawuda. Iyakar ƙarshe mutum ce, wato Yesu. Ta tsakiya kuwa aukuwa ce, kwasar Babila, kuma daidai nan ƙirgen ya yi ɗingishi. Duk yadda aka warware shi, abu ɗaya ya fito fili, awon ya riga sunayen zama a zuciyar marubuci.

Luka da 77

Luka ya bi wata hanya dabam. Ya ajiye salsalarsa a sura ta 3, bayan labarin baftisma, ya faro daga Yesu ya yi baya har Adamu. Daga Dawuda ya bi ta Natan, inda Matiyu ya bi ta Sulemanu, kuma sun saɓa har a sunan mahaifin Yusufu, Matiyu ya ce Yakubu, Luka ya ce Heli. Tun a ƙarni na 3 Yuliyus Afirkanus ya yi ƙoƙarin sasanta su da al'adar auren matar ɗan'uwan da ya mutu bai bar ɗa ba. Abin da ya shafe mu a nan shi ne adadi.

A matanin Girkanci da masana suke aiki da shi yau, sunayen daga Adamu zuwa Yesu 77 ne, wato 7 sau 11. Idan aka bi su bakwai-bakwai, Anuhu yana na 7, Ibrahim na 21, Dawuda na 35, Sheyaltiyel na 56, Yesu na 77. A gurbi na 49, wato 7 sau 7, akwai wani kaka mai suna irin na Yesu. Richard Bauckham ya yi dogon bayani a 1990 cewa an tsara jerin ne mako-mako da gangan. Faɗawar manyan sunaye a kan waɗannan gurabu ya yi yawan da zai yi wuya a ce sa'a ce kawai.

Amma a nan ƙasa ba ta da tauri irin ta Matiyu. Da farko, Luka bai ƙirga ba, bai ce uffan kan adadi ba. Na biyu, 77 ɗin ta dogara da wasu sunaye masu rawa. Akwai Kenan na biyu tsakanin Arfakshad da Shela, wanda yake cikin tsohuwar fassarar Girkanci ta Farawa amma babu shi a matanin Ibrananci. Akwai kuma sunayen da ke tsakanin Hesruna da Amminadab, inda tsofaffin kwafe suka saɓa, wani suna ɗaya, wani biyu. Iraniyus, wajen shekara ta 180, tsara 72 ya samu, ya kuma fassara ta da adadin al'ummun duniya. Agustin na Hippo, garin da yake Annaba ta Aljeriya a yau, ya samu 77, amma sai da ya haɗa da sunan Allah a ƙirgen, sannan ya ce tana nufin gafarar dukkan zunubi. Malamai biyu, jimla biyu, kuma kowa ya sami ma'ana mai gamsarwa a tasa. Hukuncin da ya dace shi ne, mai yiwuwa ne ƙwarai jerin da Luka ya gada an gina shi kan 7, amma maganar da Luka kansa ya sa jerin ya faɗa tana cikin alƙiblarsa. Matiyu ya tsaya kan Ibrahim, uban al'umma ɗaya. Luka ya wuce har Adamu, uban kowa.

Ramuka biyu

Mai karanta waɗannan salsaloli yana tafiya ne tsakanin ramuka biyu. Na farko shi ne ɗaukar su kamar littafin akawu. James Ussher, babban limamin coci a Ailan, ya tara shekarun da ke cikinsu da wasu majiyoyi, ya buga a 1650 cewa an halicci duniya a shekara ta 4004 kafin Miladiyya. An daɗe ana buga wannan shekara a gefen shafin Littafin na Turanci har mutane suka ɗauka aya ce. Alhali shekarun ba ɗaya suke ba a tsofaffin matanoni. Daga Adamu zuwa ruwan tsufana, matanin Ibrananci ya ba da shekara 1,656, na Samariyawa 1,307, fassarar Girkanci 2,242. A wannan lissafi na Girkanci, Metusela mai shekara 969 ya rayu shekara 14 bayan tsufana alhali ba ya cikin jirgi, matsalar da Agustin ya sha fama da ita. A 1890 William Henry Green, malami a Princeton ta Amurka kuma mai tsananin riƙo da Littafin, ya nuna daga cikin Littafin kansa cewa salsalolin suna tsallake tsara, don haka ba a gina kalanda a kansu.

Rami na biyu shi ne ganin asiri a kowane adadi. Farawa ta ce Ibrahim ya fita yaƙi da mutum 318. Wani marubucin Kirista na farko, mai Wasiƙar Barnaba, ya rubuta adadin da baƙaƙen Girkanci ya ga gicciye da farkon sunan Yesu. Malaman Yahudawa suka tara baƙaƙen sunan Eliyezer, baran Ibrahim, suka samu 318 cif. Kowa ya ga abin da ya zo da shi. Lamek mahaifin Nuhu yana da shekara 777 a matanin Ibrananci, abin da ke jan hankali a haɗa shi da 77 na takwaransa, amma a Girkanci 753 ne, a na Samariyawa 653. Ivan Panin, ɗan asalin Rasha da ya rasu a 1942, ya ƙarar da rayuwarsa yana ƙirga kalmomi da baƙaƙe, har da na salsalar Matiyu, yana fitar da 7 ta ko'ina. Inda kwafe suka saɓa, sai ya zaɓi wanda ya ba shi lissafin da yake so, sannan ya kafa hujja da lissafin. A 1997 wani ɗan jarida, Michael Drosnin, ya sayar da littafi mai yawa kan asirin da ya ce kwamfuta ta tono a baƙaƙen Attaura. Brendan McKay, masanin lissafi a Ostareliya, ya bi hanyar nan tasa ya tono irin waɗannan annabce-annabce a cikin wani ƙagaggen labarin Turanci na farautar kifi. Mai nema yana tare da samu, ko da abin da yake nema babu shi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da ma'auni mai tambaya 3. Shin marubuci ya ƙirga da kansa, ko wani na kusa da zamaninsa ya ƙirga? Shin akwai shaidar cewa ya yanke ko ya ƙara wani abu don adadin ya fita? Shin adadin ya tsaya a tsofaffin kwafe, ko yana sauyawa daga wannan zuwa wancan? Sha huɗun Matiyu ta haye duka ukun. Gurbin Anuhu da goman Littafin Rut sun tsaya da ƙafarsu. Saba'in da bakwai ta Luka tana da ƙarfi amma da saura. Shekarun Lamek sun faɗi a tambaya ta uku, lissafin Panin kuwa bai haye ko ɗaya ba.

Wannan ma'auni yana da amfani har a wajen shafin nazari. A muhawarorin addini akan ji mai suka ya ɗaga 41 da 42 kamar ya kama ɓarawo, mai kariya kuma ya yi ta murɗa sunaye don lissafi ya fita dole. Su biyun sun ɗauka cewa salsala rajista ce, ɗaya ya ce ta ɓaci, ɗaya ya ce ba ta ɓaci ba. Bahaushen da ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ya san ba haka ake sauraron jerin kakanni ba. Idan maroƙi ya tsallake wani sarki ya dire kan wani, masu hankali sukan tambayi wa yake son ɗagawa, da kuma wanda yake yi wa waƙar. Wannan tambaya ce ta dace da Matiyu, kuma amsarta tana rubuce tun a ayarsa ta farko, inda ya sa sunan Dawuda gaba da na Ibrahim, alhali Ibrahim ne kaka.